Wanda ya je Akra bai fita daga zango ba, ina ya je?

Jama'a, akwai wata ɗabi'a ta mutanenmu masu zuwa Gana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum zai baro Kano ko Maraɗi, ya sha wahalar hanyar Kwatano da Lome, ya tsallaka iyaka a Aflawo, ya sauka wurin ɗan'uwa a Nima, ya dawo yana cewa ya ga Akra. Ka tambaye shi ina da ina ya taka, sai ka ji Nima, Mamobi, Madina, sai Fadama da ya je gaida Babban Limami Shaikh Usman Nuhu Sharubutu. Iyakarta ke nan.

Ni ban ga laifin zango ba. Duk Bahaushen da ya kwana Nima ya fito da asuba sai ransa ya yi fari: kiran salla ta kowace kusurwa, mai koko da ƙosai tana ƙulla wa 'yan makaranta a leda, mai shinkafa da wake tana ɗora taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai a kan ganye, ta kawo baƙin yajin nan nasu, shito, ta zuba. Ga Sabon Zango da Malam Baƙo ya kafa fiye da shekara ɗari da suka wuce, ga katafaren masallacin ƙasa na Kanda da Turkawa suka gina, aka buɗe a 2021. Amma daɗin nan shi ke ɗaure baƙo. Ba ka sauya harshe ba, ba ka sauya abinci ba, to me ya fito da kai daga gida? Masu kuɗinmu ma kanwar ja ce, su kuma unguwar attajirai ta East Legon da manyan kantuna suke maƙalewa.

Akra garin ƙabilar Ga ne, kuma tsohon garinsu yana bakin teku. Ka hau trotro, motar hayarsu, ka nufi Jamestown. Can za ka ga hasumiyar nan mai ja da fari da ke haska wa jiragen ruwa, da ganuwar James Fort da Ingilishi suka gina a 1673, da Ussher Fort ta mutanen Holan da ta girme ta. An tsare bayi a cikinsu, daga baya aka mai da su kurkuku. Kada ka ce wannan tarihin wasu ne. Salaga, inda kakanninmu ke zuwa fataucin goro a Gwanja, babbar kasuwar bayi ce, kuma da yawa cikin waɗanda aka sayar a can kudu aka gangara da su. Muna alfahari da ayarin goro, wannan ɓangaren kuwa ba mu cika son a tono shi ba.

Daga nan ka leƙa Bukom, unguwar da ta fitar da Azumah Nelson, tsohon zakaran damben boksin na duniya. Mai son dambe zai raina kansa: yara ƙanana na naushin buhu a tsakar gida, iyaye mata na gefe suna soya kifi, ko a jikinsu.

Wasu za su ce abinci ne matsalar. Kifi ne fa, malam, da tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara. Me ya haramta a ciki?

Sai dai ka shiga da ladabi. Mutanen Jamestown sun gaji da baƙin da ke saita musu waya ba sallama, kamar yadda 'yan Nima suka gaji da Turawan da ake kawowa ɗaukar hoton kwatami. Ka tambaya kafin ka ɗauka, kuma saurayin da zai zagaya da kai ku yi ciniki tun kafin a fara tafiya. In kana son ganin kwale-kwale na dawowa da kifi, kada ka je ranar Talata. Masunta ba sa shiga teku ranar, gyaran koma suke yi.