Yadda talabijin mai HD ya cinye mana buhun shinkafa a Makka

Tsohon talabijin ɗinmu bai taɓa yi wa kowa laifi ba. Irin mai tozon nan ne a baya, wanda sai ƙarti biyu sun kama kafin ya gusa, a haraj, wato kasuwar gwanjo, na saye shi tun yaran suna rarrafe. In ya yi gardama a ɗan mare shi ta gefe, nan take ya dawo hayyacinsa. Aikinsa a gidan bai wuce uku ba: Hajiya mahaifiyata ta kalli tashar Alƙur'ani da ke nuna Harami kai tsaye, yara su kalli katun, ni kuma in leƙa ƙwallo idan an bar mini rimot.

Abin da ya ɓata tsakanina da shi gasar cin kofin duniya ce ta 2022 a Ƙatar. Najeriya ma ba ta je ba, Ghana ta fitar da mu tun watan Maris a gaban jama'armu a Abuja, amma mazaunin Makka ba ya rasa ƙasar da zai goya wa baya. A shagon ɗinkin da nake aiki kullum hirar ke nan, wane ya sayi inci 55, wane ya sayi inci 65. Wani abokin aikina ya dube ni ya ce, "Malam, kai har yanzu a hazo kake kallo? Mu gumin ɗan wasa muke gani yana ɗiga." Ban san amfanin ganin gumin ƙato ba, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Sai na tsinci kaina a wani shagon kayan lantarki a unguwar Aziziyya. Duk shagunan nan dabararsu ɗaya, su jera allo bango guda su sa hoton aku mai launi bakwai da ruwa yana gangarowa daga dutse. Na tsaya gaban akun nan har ina jin kamar zai tambaye ni gyaɗa. Mai shago ya ga bakina a buɗe, ya san kasuwa ta yi. Ya faɗi kuɗi, na taya, muka daidaita, sannan ya danna na'ura ya ɗora dariba, wato harajin sayen kaya, kashi 15 cikin ɗari, wadda tun Yulin 2020 ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Kuɗin adashin da na kwasa ne, wanda uwargida ta riga ta yi masa lissafin injin wanki.

Muka kawo shi gida, yara suna tsalle, na ciro wayoyin nan uku, ja da fara da ɗorawa, daga bayan tsohon na cusa a sabon. Hoto ya fito. Kowa ya yi shiru. Fuskar mai karanta labarai ta baje kamar an zauna a kanta, rubutun ƙasan allo kuwa sai ka rantse da gawayi aka yi shi.

Uwargida ta riƙe haɓa ta ce, "Abban yara, wannan shi ne injin wankin nawa?"

A nan na fara karatun da ban yi niyya ba. Ashe tsohuwar risibarmu layi 576 kawai take aikowa, shi kuwa cikakken HD layi 1080 ne, ɗigo wajen miliyan biyu a kan allo. Idan ka ba babban allo ɗan ƙaramin hoto, sai ya ja shi ya buɗa don ya cika wurin, duk munin da tsohon talabijin yake rufa wa asiri ya fito fili. Dole a sayi sabuwar risiba mai kama tashoshin HD. Na saya. Sabuwar risiba kuma ba ta hulɗa da wayoyi masu launi in ana son hoto na gaske, sai wayar HDMI. Na saya. Na zama kamar wanda aka ba kyautar linzami ya bazama neman doki.

Aka kira mai haɗa dish, wani ɗan Bangaladesh da kowa a unguwarmu ta Rusaifa ke kira muhandis, wato injiniya. Ya hau rufi da 'yar na'urarsa mai ƙara, ya daɗe, ya sauko yana kaɗa kai. Dish ya yi tsatsa, ya ce, kuma LNB ɗin, wato ɗan kan nan da ke tsaye a gaban dish yana karɓar sigina, rana ta gasa shi har ya tsage. Tsohuwar risiba tana lallaɓawa da sigina mai rauni, wannan kuwa ba ta san lallaɓa ba. Na ce nawa? Ya ce, "Mafi mushkila, mudir," wato ba matsala, manaja. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san idan ma'aikaci ya kira ka mudir, to aljihunka yake wa kirari.

Sai kuma ya tambaye ni Nilesat nake so ko Arabsat. Nilesat na Masar yana digiri 7 yamma, Badr na Arabsat yana digiri 26 gabas, dish ɗaya mai kai ɗaya ba ya kallon duka biyun. Yara suna da tashoshinsu a can, ni ina da nawa a nan. Aka ƙare da dish biyu da ɗan akwatin da ke haɗa su. Wai a ƙasar da aka taɓa haramta dish a 1994, ga ni da biyu a rufin gidan haya. Mai gidan ya ji ƙarar huda bango lokacin da ake rataye allon, ya hawo ya ƙirga ramuka huɗu da yatsa, bai ce komai ba, ya sauka. Shirun nasa na gan shi a rubuce ranar sabunta haya.

Gaskiya dai, da aka gama komai, hoto ya yi kyau. Ba a duk tashoshi ba, don da yawa har yanzu tsohon hoto suke aikowa, wasu ma sun manna HD a kusurwa alhali shirin da suke nunawa ya girmi autana. Amma tashar da ta cika HD, kana iya ƙirga ciyawar fili. Na zauna ina ƙirgawa kuwa, don in huce.

Ranar Talata 22 ga Nuwamba, Saudiyya da Ajantina, ƙarfe ɗaya na rana. Na gayyaci mutanen shago, har da mai maganar gumi, na sa aka dafa kabsa, dafa-dukar Larabawa, da kaji. Muna idar da azahar muka yi layi a kan kafet. Minti 10 Messi ya ci fanareti, muka ce to, an fara. Ajantina ta ƙara zura uku aka soke saboda satar gida, kowace aka maimaito sai in tashi in nuna layin da yatsa, ina cewa, "Kun gani? A tsohon talabijin wa zai ga kafaɗar nan?" Mutane suna gyaɗa kai da shinkafa a baki.

Ɗakin da ke jikin namu na wani dattijo ne da muke kira Baba, cikin mutanenmu na dauri da iyayensu suka taho hajji a ƙafa ta Chadi da Sudan, suka haye teku daga Sawakin. Baba ba ya da talabijin, ya ce hoto yana ɗauke wa mutum hankali daga magana. 'Yar rediyonsa ce mai batir, ya ɗaure ta da roba.

An dawo hutun rabin lokaci ke nan, ƙwallo tana tsakiyar fili a allona, sai muka ji Baba ta bango ya kwarma, "Allahu Akbar! Ta shiga!" Muka dubi juna. Muka dubi allo. Sai ga ƙwallon ta isa wajen Saleh Al-Shehri na Saudiyya, ya buga, ta shiga. Muka yi ihu, amma irin ihun wanda aka riga aka ba labari. Minti 53 Baba ya sake kwarmawa, wannan karon har da buga ƙofa. Mu kuma muka zauna muna jiran Salem Al-Dawsari ya ci ƙwallon da duk unguwa ta san ya ci. Ashe hoton nan mai tsabta sai an matse shi, an harba shi sama kusan kilomita 36,000, ya dawo, risiba ta warware, talabijin ya gyara masa kwalliya, kafin nan muryar rediyo ta daɗe da isowa.

Ragowar wasan, baƙina rabin hankalinsu yana bango. Da Ajantina ta kawo hari sai a ji wani ya ce, "Ku kwantar da hankali, Baba bai yi salati ba." Mai maganar gumi ma ya ɗauki farantinsa ya koma bakin ƙofa, inda ya fi jin rediyon. Aka tashi 2-1, Sarki Salman ya ba da hutu washegari, gari ya ɗauki hon. Baba ya leƙo ya taya mu murna, ya dubi allon sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, yana da kyau. Sai dai ba ya da sauri."

Ranar Alhamis aka yi ruwan nan da ya cika titunan Jidda har aka rufe hanyar Makka, hadari ya taso mana, hoto ya farfashe ya zama murabba'ai, ya ɗauke. Wannan na yafe, ruwa rahama ne. Wadda ban yafe wa ba tattabara ce. Ta ga sabon dish, ta ga inuwa, ta kawo tsinke ta yi sheƙa a bayansa, mijinta kuma ya mai da sandar LNB wurin hutawa. Da ya sauka sai sigina ta yi ƙasa. Na ɗauki tsintsiya zan hau, Hajiya ta tare ni a matakala.

"Ina za ka da wannan?"

"Hajiya, tattabaru ne suke ɓata hoto."

"A cikin Harami? Garin da aka hana a firgita tsuntsunsa? Sauko, ɗan nan, kafin ka ja mana."

Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, amma idan ta ce ɗan nan da wannan murya na san an rufe shari'a. Muka zauna muna kallo gwargwadon yadda namijin tattabara ya ga dama, har 'ya'yansa suka yi fiffike.

Duk wannan ƙananan asara ne. Babbar ta zo ta inda ban taɓa zato ba. Hajiya ƙafa ta hana ta zuwa masallaci sai jefi-jefi a keken turawa, don haka tashar Harami ita ce tagarta. A tsohon talabijin masu ɗawafi farin gungu ne kawai yana zagayawa. A sabon kuwa, idan kyamara ta matso, fuska fuska ce. Wata ranar bayan la'asar na ji ta rafka kira. Na shigo a guje na ɗauka faɗuwa ta yi.

"Dubi can! Wancan mai ɗingishin ba ɗan ƙanwar kishiyar Yaya ba ne na Gumel? Ya zo umara bai neme ni ba?"

Na ce Hajiya, mutum dubu nawa ne a wurin nan. Ta ce kunnuwan gidansu ba sa ɓuya. Ta sa aka kira gida ta WhatsApp, aka yi ta miƙa waya daga hannu zuwa hannu, kafin isha ga lambarsa ta Saudiyya. Shi ne kuwa. Washegari ya zo cin tuwo, ya taho da mutanen ɗakinsu na masauki su shida, don kunya ba ta barin mutum ya fito shi kaɗai.

Daga ranar Hajiya ta samu aiki. Ta matso da kujerarta gaban allo, ta sa tabarau, carbi a hannu. Ta gano matar limamin garinsu. Ta gano wani da suka yi maƙwabtaka a Fagge kafin a haife ni. Wani lokacin ta yi kuskure, a kira mutum a tarar yana Kano yana sayar da atamfa, amma kuskurenta bai kai dacenta yawa ba, kuma ko an yi kuskure, labari ya riga ya bazu cewa akwai gida a Rusaifa da ake tuƙa tuwo da miyar kuka. Alhajin da ya yi mako yana cin burodi da shinkafar Bukhari, ka ambata masa kuka, ko a ƙafa zai zo. Da Ramadan ya kama, masu umara suka cika gari, buhun shinkafar da ke yi mana wata biyu ya koma ba ya ganin ƙarshen wata. Uwargida tana wanke tukwane da tulin kayan wanki a gefe, da hannu, ba ta cewa komai, sai dai ta dubi allon ta dube ni.

Wanda ba a samu lambarsa ba, ni ake aikawa. "Na gan shi wajen Ƙofar Sarki Fahad da jar jaka, je ka duba. In ba ka gan shi ba ka bi masaukan unguwar Masfala." Na bi titin Ibrahim Khalil otal otal ina tambayar mai jar jaka, alhali hukumar alhazai jaka iri ɗaya take raba wa jiha guda.

Sai na ɓullo da dabara. In an aike ni, in shiga Harami, in yi nafila raka'a biyu, in sha zamzam, in nemi gindin ginshiƙi inda sanyin na'ura ya fi sauka, in ɗan miƙe. In dawo in ce Hajiya, na duba ko'ina, Allah bai haɗa mu ba. Shinkafa ta fara numfashi.

Ranar nan na dawo na yi sallama, na shirya fuskar gajiya, na fara, "Wallahi Hajiya cunkoson yau..."

Ba ta ɗauke ido daga allon ba ta ce, "Kar ka rantse, ɗan nan. Hular da ka rufe fuska da ita ni na saya maka. Sau biyu suka nuno ka, na biyun bakinka a buɗe. Mutumin da na aike ka nema kuwa ya wuce ta gefen ƙafarka. Gobe ka koma."