Digirin Tukunya

Alhaji na zaune a kan dilar atamfa a Kantin Kwari, carbi a hannun dama, kalkuleta a hagu, sai ga Ɗanlami ya yi sallama ya durƙusa. Duk wanda ya haifi ɗan jami'a ya san irin wannan durƙuson. Ba ya ƙarewa sai an ji ƙarar alat.

Alhaji: A'a, Injiniya! Sale, ba Injiniya kujera.

Ɗanlami: Baba, na sha gaya maka ba injiniya ba ne ni. Sashen zane nake.

Alhaji: Zane? Ga zane nan dila-dila har rufi. Shekara talatin ina sayar da shi, ban taɓa zama na karanta ko turmi ɗaya ba.

Sale: Ko falle ɗaya, ranka ya daɗe.

Ɗanlami: Ba na ɗaurawa ba, Baba. Zane da ƙira.

Alhaji: Akwai kuma na uku, wanda ake yi da dorina. Shi ne na yi sakaci ban yi maka ba kana ƙarami. Me ke tafe da kai?

Ɗanlami: Kuɗin furojet ne. Dubu ɗari da hamsin.

Carbi ya tsaya cak. Kalkuleta ma, da tana da baki, da ta yi salati.

Alhaji: Gada za ku gina?

Ɗanlami: Tukwane ne guda goma sha biyu, sai rubutu babi biyar.

Alhaji: Tukwane.

Ɗanlami: E, Baba.

Alhaji: Na girki ko na ruwa?

Ɗanlami: Na bincike.

Alhaji: Sale, ka ji. Shekara shida ina biyan digirin shekara huɗu, har da wata takwas ɗin nan na 2022 da malamai suka yi yajin aiki ya zauna yana cinye mini tuwo, ashe tukunya ake koya masa. Kakarka ta yi randa ta fi ɗari, ko makarantar allo ba ta sauke ba. Sufabaizanta ɗaya, kishiya.

Ɗanlami: Ai tawa daban ce. Tukunyar Inna a fili ake gasa ta da kara da itace. Tawa sai an sa ta a murhu na musamman, zafi ya haura digiri 1,200, ta fito tana ƙyalli kamar tangaran, ruwa ba ya tsatsafowa.

Alhaji: To randar da ba ta tsatsafo ina za ta sanyaya ruwa?

Nan fa Ɗanlami ya yi shiru, don gaskiya tambayar ta fi duk wadda za a yi masa ranar difens, wato ranar kare furojet a gaban malamai. Ku daina raina 'yan kasuwa.

Ɗanlami: Binciken a kan ƙyallin ne. Maimakon a sayo hodar daga waje da dala, ni da tokar ɓuntun shinkafa zan haɗa. Ɓuntun nan da ake zubarwa a Kura. A ƙona shi, a tankaɗe tokar, a gauraya da farar ƙasa ta Ƙanƙara...

Alhaji: Tsaya. Toka.

Ɗanlami: Toka.

Alhaji: Da ƙasa.

Ɗanlami: Da ƙasa.

Alhaji: Dubu ɗari da hamsin. Sale, je gida ka ce da Hajiya kada a sake zubar da tokar murhu. Ashe a kan arziki muke kwana.

Ɗanlami: Gas ne mai tsada, Baba. Sai kuɗin mota, sai bugawa, sai bandin mai kwali kwafi huɗu. Babi na biyu kaɗai sau biyar na buga. Duk na kai, Malam ya bi shi da jan biro kamar an yanka kaza a kai.

Alhaji: Wane malami?

Ɗanlami: Sufabaiza. Tofik uku ya soke mini. Na ce rinin Ƙofar Mata, ya ce an yi. Na ce aska takwas ta babbar riga, ya ce an yi. Na ce zanen dagi a bangon gidajen Zariya, ya ce shi da kansa ya yi. Sai ya ce in dawo Litinin. Litinin ya tafi taro. Wata Litinin ɗin yana ciki, amma sakatariya ta ce ba ya nan, ina kuwa jiyo tarinsa.

Alhaji: In an gama, tukwanen na wa?

Ɗanlami: Wadda ta fi kyau, yawanci a falon Malam take ƙarewa. Sauran a kai sito su sha ƙura.

Alhaji ya ajiye carbi. A karo na farko fuskarsa ta nuna girmamawa.

Alhaji: Jarin wani, wahalar wani, kaya nasa, ga albashi. Kai, wannan malami ya ɓata a boko! Da Kwari ya shigo da yanzu yana da layi guda.

Sale: Layi biyu, ranka ya daɗe.

Ganin hula na neman yin nisa da kai, Ɗanlami ya zaro makaminsa na ƙarshe daga aljihu: naira ashirin, ta sha jiki.

Ɗanlami: Baba, juya bayanta. Wa ka gani?

Alhaji: Wata baiwar Allah da tukunya.

Ɗanlami: Ladi Kwali ke nan. A wajen 'yan uwanta ta koyi ginin tukwane, ta riƙa zana musu ƙadangare da kunama da kifi. A 1954 ta shiga cibiyar da Bature Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko. Tukwanenta sun je Ingila, ita kanta ta je Amurka tana nuna yadda ake yi. A 1977 jami'ar Zariya ta ba ta digirin dakta na girmamawa. Ga ta nan, ita da Janar Murtala takarda ɗaya.

Alhaji ya ɗaga takardar sama, ya duba gaba, ya duba baya, kamar mai neman jabu.

Alhaji: Duk wannan suna, a naira ashirin aka tsaya? Sale, su wa ke kan dubu?

Sale: Masu banki ne, ranka ya daɗe.

Alhaji: Ka gani? Gwamnati ma ta yi wa sana'ar taka farashi. Ko fiya wata ba ta saye sai an yi ciko.

Ya ninke ta, ya sa a aljihunsa. Ɗanlami ya bi ta da kallo. Kuɗin motarsa ke nan na komawa Kabuga, ko ince somin-taɓinsa.

Ɗanlami: Shi ke nan, Baba. Dama shafin sadaukarwa nake tunani. Sai in sa sunan Kawu, tunda ya ce zai taimaka.

Alhaji: Shafin me?

Ɗanlami: Shafin farko-farko. A rubuta wanda aka sadaukar wa aikin, a ajiye a laburare har abada.

Alhaji: Kawunka? Mai shagon da bai fi kabad ba? Sale, kawo biro. Rubuta: Alhaji, sau bakwai.

Ɗanlami: Baba, sau ɗaya ake rubutawa.

Alhaji: Sau ɗaya na je? Sa bakwai, umara a baka biyu. Dila na atamfa, shadda da leshi, sari da sayen ɗai-ɗai. Sa lambar shago. Sa lambar waya, duka biyun.

Ɗanlami: Ba a sa talla a furojet.

Alhaji: A sa hotona, wanda na yi da rawani ranar ɗaurin auren Binta. A rage tumbin, ai zane ka karanta. Kuma da ruwan gwal, a bango, sama da sunan jami'a.

Ɗanlami: Malam ba zai sa hannu ba.

Alhaji: Ka ce masa ya zo Litinin.

Aka yi ta ja har kiran la'asar. Aka daidaita a kan Alhaji sau uku, ba hoto, lambar shago a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Alhaji ya yarda zai biya bandin kwafi goma, huɗu na makaranta, shida na majalisa. Gas kuwa ya ce a nemi Kawu.

Ɗanlami na fita, maƙwabcin shago ya leƙo.

Maƙwabci: Alhaji, Injiniya ne ya zo?

Alhaji: Shi ne. Wani bincike yake kan wuta mai digiri 1,200. Kai digiri nawa naka yaron ya yi?