Littafin bashin rumfar Kawu

Kwana uku na jera ina zuwa rumfar Kawu a cikin birnin Katsina, kuma ba nama ya kai ni ba. Ɗansa aka hana aure. An yi bincike, yaro ba ya shaye-shaye, yana da aikin yi, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Laifinsa ɗaya: ɗan mahauci ne. Da maganar ta iso gida, sai na ji wata innarmu na cewa da ma tun farko an ce masu 'yan kasuwa ne mu. Wallahi wannan ta fi hanin auren yi mani ciwo. Shi ya sa na ɗauki biro da takarda na tafi in ji asalin rumfar nan da muke neman ɓoyewa.

Tambayar tsoho shekara aiki ne. Na ce, "Kawu, yaushe mahaifinka Baba Tsoho ya kafa rumfar nan?" Ya ce zamanin Sarki Usman Nagogo. To Nagogo ya yi sarauta daga 1944 har 1981, ina zan kama? Na ce yaushe aka cire zana aka sa kwano? Ya ce shekarar canjin kuɗi. Wane canjin, na Gawon ko na Buhari na 1984? Sai ya yi dariya, ya jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin tebur, ya ce, "Duba da kanka, ɗan boko."

Littattafan bashi ne a ciki, da ajami, gefensu duk maiƙo ya cinye. Shafukan farko sule da sisi ne. Can tsakiyar na biyu sai rubutu ya rikice: Baba Tsoho ya rubuta sule uku, ya soke, ya sa kwabo talatin a sama. Ka ga 1973 ke nan, shekarar da naira ta maye gurbin fam, sule ya koma kwabo goma. A shafin da ke biye aka rubuta kuɗin kwano da na kafinta. Na samu shekarata ba tare da na je gidan tarihi ba.

Daga nan sai na daina neman shekara, na koma karanta unguwa. Kana ganin gidan da aka yi suna, domin ranar kashin namansu ya ninka. Kana ganin gidan da maigida ya rasu, nama ya koma kayan ciki, kayan ciki suka koma ƙashi, daga baya sunan ya ɓace. Wasu basukan an ja masu layi ba tare da an rubuta biya ba. Kawu ya ce waɗannan yafewa ce, mahaifinsa yakan yi haka duk azumi. Akwai wurin da aka yi makonni babu naman sa ko kaɗan, sai akuya da rago. Ya ce shekarar cutar bushiya ce, wato 1983, lokacin da cutar ta yi wa shanu ɗibar karan mahaukaciya, kuma a shekarar ce rumfar ta dawo hannunsa.

Kututturen da yake sara a kai ma na Baba Tsoho ne. Tsakiyarsa ya lotsa kamar turmi saboda gatari. In ka sa tafin hannu a ramin, sai ya shige har wuyan hannu.

Ga abin da nake son faɗa. Tarihin Katsina a wurinmu Gobarau ne, da ganuwa, da jerin sarakuna daga Korau zuwa Dikko. Ba na musun ko ɗaya. Amma wa ya ciyar da birnin? Fawa sana'a ce mai tsari, da Sarkin Fawa, da kiɗanta na kalangu, da hawan ƙaho. Mahauci ke tashi kafin asuba ya tafi kwata, shi ke bin motar kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa ranar Lahadi, shi ke fara jin jiki in an rufe iyakar Nijar kamar 2019 da 2023. Da takardun naira suka yi ƙaranci a farkon 2023, rabin layinsu Kawu bashi suka ci, don nama ba ya jiran taransifa ta shiga. Mu ci tsirensa, mu kira shi ya feɗe mana ragon layya, mu roƙe shi gyara, amma ranar neman aure sai mu tuna yana ƙarnin jini. Malamai kuma na nan suna karanta mana cewa fifiko na tsoron Allah ne, mu gyaɗa kai, mu fito masallaci mu ci gaba.

Na so in ɗauki hoton shafukan in sa maku a nan. Har na ciro waya, ina ma son in duba ko sunan gidan da suka hana auren na ciki. Kawu ya ɗora hannu a kan littafin.

"A'a, ɗana. Wanda ya ci bashin nama, yunwa ta kawo shi. Ba a nuna wa duniya."

Ya mayar cikin akwati, ya kulle, ya juya wurin wata yarinya da ke tsaye da kwano tun ɗazu.