"Da sauƙi" ɗin da ke cinye diyya

Jama'ar Damagaram, akwai wani hali namu mai kyau da waya ta mayar tarko.

Bahaushe ko ƙafarsa ta karye gida biyu, ka ce masa "ya jiki?", amsar ɗaya ce: "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Tarbiyya ce. Amma wannan magana ce ta tsakaninka da mai dubiya. Ranar da ka rubuta ta a Facebook, ta zama shaida.

Ƙanen mai ɗakina ɗan kabu-kabu ne. Mota ta kaɗe shi wajen Kasuwar Dole, ƙugunsa ya bugu. Ƴan sanda sun yi takardarsu, likita ya rubuta kwanakin da ba zai iya aiki ba, motar kuma tana da inshora. Magana ta miƙe ke nan. Sai ga ɗaurin auren abokinsa a Birni. A mota aka kai shi. Ya jingine sandarsa minti biyu, ya shiga cikin abokan ango yana dariya, wani ya ɗauki bidiyo ya watsa a TikTok. Daren nan zogi bai bar shi ya runtsa ba, sai dai zogi ba ya fita a bidiyo.

Dokar inshora ta CIMA, wato dokar bai-ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, wadda Nijar ke aiki da ita tun 1995, ba ruwanta da tausayi. Lissafi take yi: kuɗin maganin da ka kawo takardunsa, kwanakin da ka rasa aiki, da kason naƙasar da likita ya ƙiyasta. Duk abin da ya sa shakku kan naƙasar nan, kuɗi ne ya zauna a aljihun kamfani. Bayan bidiyon nan ya fita, masu kamfanin inshorar suka ce sai likitansu ya sake duba ƙanen mai ɗakin nawa. Wata huɗu ke nan, shiru. An goge bidiyon, to amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, wani ya adana.

Za a ce ai maƙaryata ake kamawa da haka. Akwai su, ban musa ba. Amma maƙaryaci shi ne mai taka-tsantsan, sandarsa ba ta barin hannunsa gaban kyamara. Mai gaskiya ne ke sakin jiki.

Ku kuma abokai, don Allah, mutum yana neman haƙƙinsa, me ya kai ku saka shi a bidiyo? Jiya ma na je duba shi, na tarar da wani ya ɗaga waya yana cewa, "Ɗan miƙe, Malam, mutane su ga ka warke."