Ƙannena 'Yan Gidan Kallo, Ku Bar Baƙo Ya Sauke Kayansa Tukuna

Ranar Lahadi bayan la'asar na shiga gidan kallon unguwarmu. Na daɗe rabona da shi, don yanzu a gida nake kallo, amma ran nan ba wuta, sai na biya kuɗina na samu gefen benci kusa da ƙofa inda iska ke ɗan shigowa. Manchester United ce ke wasa. Ni ɗan Arsenal ne tun zamanin Kanu, kowa a unguwar ya sani, don haka ba ƙungiyata nake karewa ba. Ana cikin wasa wani ɗan gaba ya yanke Leny Yoro, ɗan bayan United, ya wuce shi, aka yi sa'a ma ƙwallon bai shiga raga ba. Kafin a maimaita hoton, wani yaro a gabana ya miƙe tsaye a kan benci, ya ɗaga yatsunsa biyar ya yi wa talabijin daƙuwa, ya ɗura ashar ɗin da ba zan iya rubutawa ba, har da ambaton mahaifiyar ɗan wasan. Ɗakin ya ɗauka. Wannan ya ce kwantai aka sayo musu, wancan ya ce an damfari ƙungiya, wani daga baya ya ce a mayar da shi lig ɗin manoma, wato gasar Faransa, inda ya fito.

Na taɓa kafaɗar yaron na ce, "Kai, me uwarsa ta yi maka?" Ya waiwayo ya ce, "Kawu, ka bari kawai, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta." Ya juya ya ci gaba. Na san mahaifin yaron nan, mutumin kirki ne, tare muke sahu a masallaci. Abin ya tsaya mini a rai har na kwanta, shi ya sa nake rubuta muku wannan.

Ƙannena, wannan ɗabi'a ta yanke wa baƙo hukunci tun bai sauke kayansa ba, ta ina ta shigo mu? Yoro ɗin da kuke zagi yana da shekara 18 United ta sayo shi daga Lille a watan Yulin 2024, a kan kuɗi sama da fam miliyan 50. Bai yi wata guda ba ya samu karaya a ƙafa a wasan sada zumunci da Arsenal a Amurka, aka yi masa tiyata, bai buga wasan gasa ba sai Disamba. Kafin ya warke an kori koci Erik ten Hag wanda aka sayo shi a zamaninsa, Ruben Amorim ya zo da tsarin 'yan baya uku. Yaro ya bar garinsu, ya bar harshensa, ya yi jinya a baƙuwar ƙasa, ya tashi ya tarar an canza maigida an canza aiki. Wannan ne kuke so ya zama gwani a dare ɗaya? Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Kun san karin maganar nan sarai, a gidan kallo ne kawai kuke mantawa da ita.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona, lokacin da yawancinku ba a haife ku ba. A watan Agustan 1999 Arsène Wenger, kocin Arsenal a lokacin, ya sayo Thierry Henry, ɗan Faransa, daga Juventus a kan kusan fam miliyan 11, bayan ya yi rabin kaka a Italiya ba tare da ya taɓuka abin kirki ba. Ɗan gefe ne, Wenger ya dage sai ya mayar da shi tsakiya ya gaji Anelka, ɗan gabanmu da ya tafi. Wasa takwas ya buga bai ci ko ɗaya ba. Muna kallo yana dukan ƙwallo tana tafiya wajen 'yan kallo, ga shi kuma ɗan wasan da ya ɗauki Kofin Duniya a 1998. Ranmu ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, mun yi gunaguni. Amma akwai wani dattijo da muke kallo a ɗakinsa, kullum sai ya ce mana mu dubi gudun yaron da yadda yake neman gurbi, ƙwallo za ta zo. A Satumba ya shigo daga benci ya ci Southampton. Kafin kakar ta ƙare yana da ƙwallo 26. Ya bar Arsenal da 228, babu wanda ya kai shi a tarihin ƙungiyar, yau mutum-mutuminsa na tsaye a bakin filin Emirates. Ku gaya mini, da a gidan kallonku na yanzu Henry ya yi waɗannan wasanni takwas, me za ku bar masa? Da tun wasa na uku kun yi hotonsa da kan jaki kun watsa a Facebook. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Robert Pires ma da ya zo daga Marseille a 2000, wasan farko a Sunderland a benci Wenger ya ajiye shi don ya kalli irin karon da ake yi tukuna, kuma kakarsa ta farko ya sha wuya. A ta biyu marubuta wasanni suka zaɓe shi gwarzon shekara a Ingila. Ku 'yan United kuwa, ku tambayi yayyenku labarin Patrice Evra. Wasansa na farko a Janairun 2006 da Manchester City ne, aka ci ku 3-1, Ferguson ya cire shi a hutun rabin lokaci. Mutumin nan kofin Firimiya biyar ya ɗauka muku, ga na Zakarun Turai a 2008, har kyaftin ya riƙe.

Akwai dalilin da ya sa abin ke ba 'yan wasan Faransa wuya a Ingila da farko, kuma duk mai kallo da hankali ya san shi. A Ingila alƙalin wasa yakan ƙyale karon da a Faransa da tuni an busa. Ɗan baya yana karɓar ƙwallo mutum biyu sun iso kansa, babu lokacin ɗaga kai. Ƙungiyar da ke can ƙasan teburi ma tana da kuɗin sayen 'yan wasan ƙasa da ƙasa, don haka babu makon hutawa. A bugun kwana ana cusa ƙarti cikin da'ira suna ture gola. Faransa ƙungiya 18 ce a gasarta yanzu, wasa 34, ta kuma soke kofinta na biyu tun 2020, Ingila kuwa wasa 38 ne da kofuna biyu a kai. Ƙarshen Disamba, lokacin da ɗan wasa ya saba tafiya hutu wurin iyayensa, nan ne Ingila take jera wasanni cikin sanyi da ruwa, duhu na shigowa tun ƙarfe huɗu. Ga shi gola na yi maka ihu daga baya da Turancin da kunnenka bai gama kamawa ba, kuma a wajen ɗan baya jinkirin daƙiƙa ɗaya ya isa a ci.

Kai da ka tafi bautar ƙasa kudu, wata nawa ka yi kafin cikinka ya karɓi abincinsu? Sau nawa ka bugo wa Hajiya waya kana neman a yi maka hanyar dawowa gida? Kai kuma da aka kai ka garejin kanikanci shekara biyu ke nan, har yau maigidanka bai yarda ya bar ka kai kaɗai da injin mota ba, kuma daidai ne, da koyo akan iya. To me ya sa haƙurin da kuke roƙo a yi da ku ba za ku iya yi da ɗan wani ba? Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Sannan wannan kalma ta "lig ɗin manoma" da kuka ɗauko a intanet kuna ta maimaitawa, wallahi tana ƙona mini rai fiye da ashar ɗin. Waye manomi? Kakanka ne, ga wasunku ma mahaifi ne, wanda ya sayar da buhun gero ya biya muku kuɗin makaranta. Yau sunan sana'arsa ne abin zagi a bakinka. Daga gasar nan N'Golo Kanté ya fito, daga Caen, a 2015, ya ɗauki Firimiya da Leicester a kakarsa ta farko, ya sake ɗauka da Chelsea a ta biyu. Kuna ɗaukar maganar banza daga bakin waɗanda ba ku sani ba, ba ku tsaya kun auna wa take taɓawa ba.

Na san abin da ke ƙara hura wutar, mu daina ɓoye wa juna. Rabin masu ihun nan ba son ƙungiya ke sa su ba, takardar caca ce a aljihunsu. Na ga yaron da ke gefena yana duba waya kowane minti biyu, hannunsa na rawa. Ɗan wasa ya yi kuskure ɗaya, dubu biyunsa ta tafi, sai ya huce a kan uwar wani da ke can Faransa ba ta san da shi a duniya ba. Aka kira magariba, ladan na jin mu muna jin sa, waɗanda suka tashi ba su kai biyar ba. Wannan magana ce ta wata rana, amma ku sani idonmu na gani.

In koma kan zagin. Mu 'yan Arsenal mun ɗanɗana abin da ya fi na Lahadin nan ciwo. A Fabrairun 2011, wasan ƙarshe na kofin Lig a Wembley da Birmingham, saura minti ɗaya a tashi, ɗan bayanmu Laurent Koscielny da gola Szczesny suka rikice a kan ƙwallon da ba ta da wani haɗari, ta faɗo gaban Obafemi Martins, ɗan ƙasarmu, ya tura ta raga. Shekara shida muna jiran kofi. Koscielny kakarsa ta farko ke nan daga Lorient, kuma a wasansa na farko a Anfield jan kati ya samu. Daren nan ɗakin da muke kallo ya yi tsit, wani abokina ya haɗa kai da gwiwa ya daɗe bai ɗago ba, muka watse ba mai ce wa kowa komai. An ce bai iya ba, an ce ba shi da jiki, amma ban ji wanda ya ambaci iyayensa ba, don da ka yi, manyan da ke wurin za su fitar da kai kuma labari ya riga ka isa gida. Shekara uku bayan nan, a wasan ƙarshe na kofin FA na 2014, Hull City na gabanmu da 2-1, Koscielny ɗin nan ne ya farke, muka ci 3-2, muka kawo ƙarshen shekara tara babu kofi. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.

Ba na ce kowa ke yin nasara ba. Stéphane Guivarc'h ya zo Newcastle da lambar Kofin Duniya a wuya bai yi rabin kaka ba ya tafi, Ndombele ya ci wa Tottenham maƙudan kuɗi bai biya ba. Ka ce ɗan wasa bai yi ƙoƙari yau ba, ka ce koci ya ajiye shi a benci, wannan haƙƙinka ne na mai kallo. Amma shekara ake ba mutum, wani ma biyu. William Saliba da kuke yabo yanzu, Arsenal ta saye shi a 2019, sai da ya yi zaman aro a Saint-Étienne da Nice da Marseille, bai buga mata wasan gasa ba sai Agustan 2022. Sauri ya haifi nawa.

Kada kuma wani ya ce mini ai ba ya ji, Hausa aka zage shi. Da can maganar gidan kallo a nan take mutuwa, yanzu kuwa kuna bin su har shafukansu kuna rubutawa da ɗan Turancin da kuka iya. A Agustan 2025 Mathys Tel, yaro ɗan shekara 20, ya ɓarar da fenareti a wasan Tottenham da PSG, aka yi masa ruwan zagin launin fata har ƙungiyarsa ta fito ta yi tir da abin. Mu baƙar fata, waɗanda in aka yi wa namu haka a Turai muke jin zafi, a ce da hannunmu a cikin masu jifa? Magana zarar bunu ce. Ko shi bai ji ba, mala'ikun da ke kafaɗarka sun ji, kuma an gargaɗe mu cewa wanda ya zagi iyayen wani shi ya jawo wa nasa zagi. Ku ji tsoron Allah, ku gyara bakinku.

Mun taso muna jin sakamakon wasa a rediyo, mutum goma a kan akwati ɗaya. In Kano Pillars ta kawo sabon ɗan wasa daga wani gari, manya kan ce a bar shi ya saba da ruwan garin. Baƙo a wurinmu shimfiɗa ake yi masa, a ba shi ruwa, sai ya huta ake tambayarsa abin da ke tafe da shi. Yaro ba ya ɗaga murya a inda sa'an mahaifinsa yake zaune, balle ashar. Ina waɗannan suka tafi? Yau dattijo na yi maka magana kana juya masa ƙeya kana kallon talabijin, mai gidan kallon kuma ba ruwansa in dai an biya shi kuɗin shiga.

Washegari da safe na fito zan tafi aiki, na tarar da ƙananan yaran layinmu suna buga ƙwallon roba a bakin kwata, silifa biyu ne ragarsu. Cikinsu akwai wani ɗan baƙo da iyayensa suka tare a makon jiya, ƙwallo ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa. Wani da bai wuce shekara bakwai ba, wanda na gani jiya yana leƙen wasa ta tagar gidan kallon, ya ɗaga yatsu biyar ya maimaita ashar ɗin nan kalma da kalma, ya ce a cire shi bai iya ba. Yaron ya ɗauki takalminsa ya koma zauren gidansu ya tsaya yana kallonsu daga nesa.