Fili Ɗaya, Masu Shi Uku: Zambar da Aka Mayar Sana'a a Bayan Garin Gombe

Sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku ya zama ruwan dare a sababbin unguwannin da ke kewaye da garin Gombe, har ta kai da wuya ka zauna a majalisa ka ɗauko zancen ba tare da wani ya ce shi ma an yi masa, ko an yi wa ƙaninsa, ko surukinsa ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mai aikata wannan ta'asa ba ya gudu kuma ba ya ɓuya. Yana nan a bakin titi da mashin ɗinsa da wayoyinsa biyu, yana halartar ɗaurin aure, yana tsayawa a sahun gaba, yayin da wanda ya cuta yake yawo da takarda a aljihu daga ƙofar mai unguwa zuwa ofishin 'yan sanda, daga nan zuwa kotu, har takardar ta yage a wurin ninki.

Ba a rasa dalilin da ya sa ƙasa ta yi tsada haka ba. Tun ranar 1 ga Oktoba, 1996, da gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi ta mai da garin babban birnin jiha, jama'a suke ta kwararowa. Ƙaramar Hukumar Gombe ba ta da faɗi, saboda haka gine-gine suka tsallaka cikin ƙasar Akko da Kwami da Yamaltu/Deba, wurare irin su Tumfure da a da ake noma su suka koma unguwanni cike da mutane. Daga baya rikicin Boko Haram ya koro dubban iyalai daga Borno da Yobe, da yawansu suka zaɓi zama a nan saboda zaman lafiya. Gonakin dawa da gero suka zama fuloti, mafi yawansu awon igiya, wato manomi ko magadansa su kira dillali ya yanka gonar ƙafa hamsin bisa ɗari, ba taswirar gwamnati, ba lamba, wani lokaci ko hanyar da mota za ta bi ba a bari. Buƙatar muhalli halas ce, kuma ba laifi ba ne mutum ya sayar da gonarsa. Laifin yana ga waɗanda suka ga wannan buƙata suka mai da ita tarko.

Duk wanda ya taɓa sayen irin wannan fili ya san yadda ake yi. Dillali zai goya ka a mashin har inda gine-gine suka ƙare, ya taka ya nuna maka kusurwa huɗu, nan guntun bulo, can buhun yashi da rana ta cinye, can kuma kututturen aduwa, ya rantse cewa tun kakanni ba a taɓa jin rigima a wurin ba. A je shagon buga takardu a fitar da takardar ciniki mai shafi ɗaya, mai sayarwa ya sa hannu, shaidu biyu su sa, a kai wa mai unguwa ko jauro ya sa nasa ya buga hatimi, a cire la'ada, a ajiye kuɗin sa hannu, a shafa fatiha. Mai saye ya koma gida ransa fari, yana ganin ya tsira daga haya.

Wata malamar firamare da muke maƙwabtaka da ita, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ta bi duk waɗannan matakai ba ta tsallake ko ɗaya ba. Da adashi da kuɗin tumakin da ta kiwata ta haɗa ta saya. Da ta sami halin sauke yashi, direban tifa ya kira ta ya ce ta zo, domin wurin da ta kwatanta masa an riga an haƙa harsashi, magina suna kan jera bulo. Ina cikin waɗanda suka raka ta zaman da aka yi a ƙofar gidan mai unguwa. Aka shimfiɗa tabarma, aka ajiye takardu biyu gefe da gefe, kuma kowa ya gani da idonsa cewa mai sayarwa ɗaya ne, dillali ɗaya ne, hatimin da ke ƙasan takardun ma ɗaya ne. Ta ce, “Baba, ranka ya daɗe, ba hannunka ne wannan ba? Ba a gabanka na ƙirga kuɗin nan ba?” Ya sunkuyar da kai ya ce takardu suna da yawa, ba zai iya riƙe kowacce a ka ba. Dillalin kuwa ko gezau bai yi ba, cewa ya yi, “Malama, ki yi haƙuri, kuskure aka samu, za a canza miki wani.” Wanda aka nuna mata a matsayin canji yana bakin kwari ne, inda zaizayar ƙasa take cin gaba kowace damina, wurin da shi dillalin ba zai yarda ya ɗaure akuyarsa ba.

Wannan shi ake kira sulhu, kuma ina ƙin sa da dukkan zuciyata idan haka za a riƙa yin sa. Sulhu alheri ne idan ɓangarori biyu suna da ja a kan abin da bai fito fili ba. Amma a nan babu abin da ya ɓuya. Mutum ya karɓi kuɗi sau biyu a kan abu ɗaya, sannan a tara dattawa, maimakon a dube shi a ce ya ci amana, sai a juya kan wadda aka zalunta ana yi mata wa'azin haƙuri, ana tuna mata cewa duniya ba matabbata ba ce. Idan ta ƙi canjin, sai a ce za a mayar mata da kuɗinta kaɗan-kaɗan, a kan farashin da ta saya shekarun baya. Kowa ya san abin da ya sami naira tun daga 2023 da aka cire tallafin man fetur, kuma kowa ya san inda siminti da rodi da kwano suka kai. Kuɗin da ya sayi fuloti a wancan lokaci, a wurare da yawa yau ba zai sayi rabinsa ba. Ke nan macuci ya juya dukiyar marayu na tsawon shekaru, ya ci riba, ya dawo da ragowar a guntu-guntu, kuma a ce a gode masa.

Mutane su sani cewa wannan ba kuskure ba ne a idon doka, zamba ce. Dokar tarayya ta 2006 da ta shafi damfara da karɓar dukiya ta hanyar yaudara ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, bai kuma wuce 20 ba, babu zaɓin tara, ga wanda ya karɓi kuɗin wani da ƙarya da niyyar cuta. Wanda ya sayar da abin da ya san ya riga ya sayar, me ya yi in ba haka ba? Duk da haka, sau da yawa amsar da mai ƙorafi yake samu ita ce, “Wannan maganar fili ce, ku je kotu.” Gaskiya ne Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, kuma wannan tanadi ne mai kyau da ya kare talakawa da yawa. Sai dai abu biyu ne a nan, bai kamata a cakuɗa su ba. Tantance wanda ya fi haƙƙi a kan filin tsakanin masu saye biyu aikin kotu ne. Binciken wanda ya karɓi kuɗinsu duka biyun kuwa aikin masu binciken laifi ne, kuma ba ya buƙatar a jira ƙarshen waccan shari'a. A addinance ma maganar ba ƙarama ba ce, domin hadisi ingantacce da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya yi gargaɗin cewa wanda ya ƙwaci ƙasa ko da gwargwadon taƙi ɗaya da zalunci, za a rataya masa ita har ƙassai bakwai ranar alƙiyama. Masu wannan sana'a sun ji hadisin sau ba adadi, ba su fasa ba, saboda sun tabbata a nan duniya babu abin da zai same su.

To a je kotun. Nan ne mai takardar shafi ɗaya yake gane cewa abin da ya riƙe da ƙarfi bai kai yadda yake zato ba. Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda aka kafa a mulkin Janar Obasanjo kuma tsarin mulkin 1999 ya ba ta kariya, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filayen da ke yankin da aka ayyana birni suna ƙarƙashin gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama a kansu. Sashe na 22 ya ce mai izinin gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci, kuma Kotun Ƙoli ta ƙarfafa wannan sharaɗi a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989. Wane dillali ne yake gaya wa mai saye wannan? Wane gidan rediyo ne yake maimaita shi kamar yadda ake maimaita tallar magani? Har ila yau, dokar ta ba Babbar Kotu kaɗai hurumin sauraron rigima a kan filin da ke da izinin gwamna, kotunan yanki kuma suna iya sauraron na gargajiya, wato wanda ƙaramar hukuma ke ba da izininsa. A gari irin Gombe, inda gonar jiya ta zama unguwar yau, talaka bai san a wane ɓangare filinsa ya faɗa ba. Sai ya shigar da ƙara inda ya fi kusa da shi, ya sha wahala ya yi nasara, abokin shari'a ya ɗaukaka ƙara, a rushe hukuncin gaba ɗaya a kan cewa kotun farko ba ta da hurumi, a ce ya koma ya faro daga tushe.

Ko an dace da kotun, ɗage zama kaɗai ya isa ya karya mutum. Yau lauyan wancan ɓangare yana wata kotu, gobe shaida bai zo ba, jibi an yi wa alƙali canjin wurin aiki. Kowane zama mai ƙara zai bar aikinsa ko kasuwarsa, ya biya wa shaidunsa Keke Napep, ya ciyar da su, ya sallami lauya, ranar da za a je ganin filin kuma ya nemo mota. A duk tsawon wannan lokaci, idan ba a samu umarnin dakatar da aiki ba, ko an samu ba a bi ba, mai ƙarfi yana can yana gini dare da rana, ya kai linta, ya rufa kwano, ya zuba iyali. Daga nan sai maganar ta sauya, dattawa su fara cewa ai ba a rushe gida da mutane a ciki. Tsoron haka ne, da tsoron hukuncin hauzi na mazhabar Malikiyya, wanda ke iya kashe da'awar mutumin da ya ga bare yana amfani da filinsa shekara goma ya yi shiru ba uzuri, ya sa kake ganin mutane suna cin bashi su kewaye fili da katangar da ba su shirya mata ba, kuɗin da ya kamata ya tafi makarantar yara.

Wani babban tushen rigimar shi ne gonar gado. Ɗa ɗaya zai sayar tun ba a raba ba, 'yan'uwansa mata da ke gidajen aure ba su sani ba, daga baya a raba gado kason ya faɗa hannun wani, shi ma ya sayar. Dillalin da ya san gidan ciki da waje shi ne yake kawo masu saye a duka cinikin biyu.

Ban ce duk masu unguwanni haka suke ba. Na san waɗanda ba sa sa hannu sai sun taka sun ga filin, sun kira maƙwabtan iyaka, sun tambayi magada ɗaya bayan ɗaya. Amma hatimin mai unguwa shi ne abin da ya sa talaka yake sakin kuɗinsa, saboda haka wanda ya karɓi kuɗin sa hannu ba shi da ikon cewa ya manta. Littafi ɗaya mai bango, wanda za a rubuta sunan mai gona da lambar fuloti da sunan mai saye da kwanan wata, kuma kowa ya iya dubawa kafin ya biya, bai fi ƙarfin kowace unguwa ba. Ya kamata masarautu, ta hannun hakimai da dagatai, su wajabta shi, kuma duk wanda hatiminsa ya fito a kan takardu biyu na fili ɗaya ya amsa tambaya a fada, ya kuma shiga cikin masu biyan asara.

Gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta kafa hukumar GOGIS domin mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta, kuma wannan mataki ne da ake buƙata tun tuni. Sai dai cutar da nake magana a kai tana faruwa ne a filayen awon igiya, inda malamin makaranta da ɗan acaɓa da mai sayar da kayan miya suke saye, kuma can ne ya kamata aikin ya isa. A buɗe ƙananan ofisoshi a sababbin unguwanni inda mutum zai je da ɗan kuɗi kaɗan, sananne kuma rubutacce a bango, a duba masa matsayin fili kafin ya biya. A yi wa dillalan filaye rajista da katin shaida da mai tsaya musu, wanda aka kama da ciniki biyu a soke shi. A ware alƙalai da ranaku na musamman domin shari'un filaye, a kuma hukunta mai gini bayan an ba da umarnin dakatarwa. Ma'aikatar shari'a ta jiha kuma ta ɗauki irin waɗannan ƙararraki ta gurfanar da masu sayar da fili sau biyu a matsayin 'yan damfara, ta nemi kotu ta sa su biya diyya a kan farashin yau, sannan a karanta sunayen waɗanda aka samu da laifi a rediyo da Hausa da Fulatanci, domin mai shirin kai musu kuɗinsa ya ji tun kafin ya fito daga gida.