Unguwa Mai Shiru

Da takardar canjin wurin aiki ta fito, aka ce in bar Maradi in koma Damagaram, uwargida ba ta yi gardama ba. Sharuɗɗa kawai ta gindaya, tana lissafawa da yatsu: famfo a cikin gida, lakwal kusa yadda yara ba za su tsallaka gudron ba, fili inda za su yi wasa tana hango su, sannan, wanda ta fi jaddadawa har da buga cinya, kada ta ga fadar samari a ƙofar gidanta. Ni kuwa sharaɗina ɗaya ne tal, kada haya ta wuce jika 35 a wata.

A watan Afrilu na shiga mota ni kaɗai, ta Tasawa da Takeita, na sauka wurin wani abokin aiki. Shi ya haɗa ni da dillali, wani dogon Babarbare mai tsage a fuska da tsohon babur. Muna gaisawa ya tambayi asalina, bakina ya suɓuce na ce mahaifiyata Bafillatana ce. Shi ke nan, na zama bawansa.

"Ikon Allah! Bafillace da neman gida mai famfo? Ku da kuka saba da bukka da gindin kalgo? Hau, bawana, yau za ka ga birni."

Birni kuwa ya fara kai ni. Duk wanda ya ce bai ji wani abu a ransa ba ranar da ya fara shiga Birnin Damagaram, to bai buɗe ido ba ne. Ga fadar Sarki, ga tsofaffin gidajen ƙasa masu zane a fuska da zanko a sama, ga manyan duwatsu a tsakiyar unguwa, gida ya jingina da dutse, akuya ta haye can ƙoli tana kallon mutane. Dillali na tuƙi yana ba ni tarihi da hannu ɗaya: nan ne ganuwar da Sarki Tanimun ya gina ta bi, shi da ya yi sarauta har 1884 yana ƙera bindigogi a garin nan, can ne barikin da Faransawa suka kafa bayan sun ci garin a 1899. Ni dai idona na kan lungun da muke ciki, wanda gwiwoyina ke gogar bangonsa dama da hagu.

Gidan ya yi kyau, sanyi kamar an sa na'ura. Ƙofar zauren ce ta gaishe ni da ƙulu a goshi. Ina dafe da kai na tuna da kabad ɗin uwargida, wanda aka kawo ta da shi ranar aure, mai ƙofa uku da madubi. Na ciro igiyar da na auno shi da ita tun daga Maradi, na gwada a ƙofar. Ko a kwance, ko a tsaye, ko a karkace, ba ya shiga. Dillali ya ce a kira kafinta ya raba shi biyu. Na ce masa auren ne zai rabu biyu. Kafin mu fito wata tsohuwa ta tsare ni a zaure ta tambaye ni sunan kakana na wajen uba da garin da aka binne shi, ta kuma ce yaran Maradi ba su da kunya. Muka yi sallama cikin mutunci.

A Zango, tsohuwar unguwar fatake inda ayarin raƙuma ke sauka a da, ya nuna mini gidan haya na haɗaka: tsakar gida ɗaya, makewayi ɗaya, mata bakwai, kuma ranar da muka je biyu daga cikinsu ba sa magana saboda igiyar shanya. Kusa da kasuwar Dole muka faɗa ranar Alhamis, ranar kasuwa, sai da muka sauka muka tura babur tsakanin amalanke da 'yan kabu-kabu. Da ya ambaci wani gida mai araha a Kara-Kara na kira uwargida in ji ra'ayinta. Yanzu ina da abokai mutanen kirki a can, amma ita a lokacin labarin 'yan palais, wato gungun samari 'yan daba, kawai ta taɓa ji a rediyo, sunan unguwar na fita daga bakina ta kashe waya. Gidajen da suka cika sharuɗɗanta kuwa, waɗanda ke wajen ma'aikatu, kuɗinsu ya ninka nawa har da ɗoriya. Dillali ya ce tun da aka buɗe matatar mai a 2011, ga kuma ɗaliban jami'a, masu gidaje suka daina jin kunyar faɗin farashi. Ko gaskiya ne ko wayon dillalai ne, aljihuna dai bai ƙaru ba.

Ran nan da tsakar rana, rana tana dukan ƙeya, ya zo yana murmushi.

"Bawana, Allah ya yanke maka wahala. Unguwa mai shiru, ko kuda ba ya ƙara."

Wata sabuwar unguwa ce a bakin gari, an ɗan gangara kwari. Gida na siminti, ɗaki biyu da falo, ƙofa mai faɗin da kabad zai shiga yana taƙama. A gaban gidan wani makeken fili, fes, ba ko kara, ƙasarsa a daddare. Daga bakin ƙofa ana hango tutar lakwal a ɗaya gefen filin. Ga bishiyar dogon yaro a jikin taga, da wani benci a ƙarƙashinta ba kowa a kai. A maƙwabta wata ƙofar kwano mai shuɗin fenti a rufe, wani mutum na sharar barci a gindinta, fari fat da ƙura har gira. Na tambaya, dillali ya ce, "Ɗan shago ne." Shiru kuwa, har kana jin numfashinka.

Sai famfo. Abokin aikina ya riga ya ja mini kunne cewa a garin nan ruwa ake fara tambaya kafin yawan ɗakuna, don haka ban yarda da baki ba. Na tsuguna na murɗa da hannuna. Ruwa ya zubo, shaa, a watan Afrilu, da tsakar rana, a Damagaram! Na ciro waya na ɗauki bidiyo, har da tara hannu ina wanke fuska, na tura wa uwargida ta WhatsApp. Ta maido da murya tana guɗa. Alhaji mai gidan na tsaye yana jan carbi, sai ya ce, "Mushe, rufe haka nan, almubazzaranci ba kyau." Na ce a raina, ga dattijo mai tsoron Allah. Nan take na biya wata uku, na ba dillali la'adarsa. Alhaji ya ce zai yi fenti kafin iyali su iso.

Ƙarshen Yuni, da aka rufe makarantu, na kwaso su. Mun iso da la'asar, kabad ya shiga lafiya, uwargida ta zagaya gida ta ce, "Malam, wannan karon ka yi ƙoƙari." Ta nufi famfo da buta. Ta murɗa. Famfo ya yi wani dogon tsaki, ya yi tari, ya tofo ɗigo biyu masu launin shayi, ya yi shiru. Ɗana na tsakiya, wanda ba ya ganin abin hawa ya ƙyale, shi ya leƙo daga saman makewayi ya ce, "Baba, akwai wata 'yar tonno a nan, an sa mata tiyo." Tonnon ba ta wuce cin bido biyu ba. A nan na fahimci wa'azin Alhaji game da almubazzaranci.

Bayan isha'i muka ji ana jan benci. Sai ƙamshin gawayi, sai ƙarar 'yan kofuna, sai rediyo. Na ɗaga labule: samari sun fi goma a gindin dogon yaro, daidai tagar ɗakinmu, an ɗora shayi, an raba karta, ana musun Barça da Real kamar gadon ubansu ake rabawa. Uwargida ba ta ce uffan ba. Ta dube ni kawai, ta juya ta fuskanci bango. Shayin fada kuwa hawa uku ne, kuma ba a gaggawarsa. Na ukun bai sauka ba sai wajen ƙarfe ɗaya.

Da asuba, ina dawowa daga masallaci, aka kawo kuran. A lokacin ne na san sana'ar ɗan shago. Injin niƙa ne, kuma bangonmu ɗaya da shi. Ranar da na zo ganin gida an ɗauke wuta ne tun safe, shi ya sa bawan Allah yake barci. Injin na tashi, kwanukan da uwargida ta jera a kan kabad suka fara tafiya da kansu, murfi na bin murfi, Auta ya farka yana ihu. Daga ranar rayuwarmu ta kasu biyu: in an kawo kuran, inji ba ya barin mu barci, in an ɗauke, fanka ta tsaya, zafi ba ya barin mu barci.

Maganar ruwa kuma ba ta gidana kaɗai ba ce. Garin a kan dutse yake zaune, irin duwatsun nan da na yi ta sha'awa a Birni, haka suke shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasa, ba a samun ruwan kirki in an haƙa. Daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. Wato abin da ya kori gwamna da muƙarrabansa shi ne ni na zo in yi maganinsa da jika 35. Da rana sai 'yan ga-ruwa da kurarsu, kuma in zafi ya tsananta kuɗin bido yakan tashi har mutum ya fara lissafin wanka.

A dare na uku, wajen ƙarfe biyu da rabi, aka ƙwanƙwasa taga.

"Mushe! Mushe! Ya zo!"

Na zabura na ɗauki taɓarya. Ashe ɗaya daga cikin 'yan fada ne, ya ji bututun da ya bi ta gindin bencinsu yana huci. Na fita da zane a kafaɗa na murɗa famfo, ruwa na gaske ya zubo, siriri amma ba ya yankewa. Da yake gidan a kwari yake, mu ruwa ke fara isowa, wani lokaci ma mu kaɗai yake isowa. Unguwa duka ta san haka, ni ne kawai ban sani ba. Kafin in cika bido na biyu an yi sallama: yaran maƙwabta, kowa da bido biyu, "Inna ta ce a gaishe da Mushe, ta ce a taimaka." Wanda ya zauna a gidan kafin ni haka yake yi, in ji su, kuma mutumin kirki ne ƙwarai. To wa zai so a ce ya fi shi rashin kirki? Tun daga ranar nake kwana zaune a kan kujerar roba, tocila a baki, ina canja bido, ina kuma rabon faɗa a kan layi. A wurin aiki har an saba, in an ga ina gyangyaɗi sai a ce, "Jiya ruwa ya zo ke nan."

Filin wasan yara ya yi mana amfani har tsakiyar Yuli. Ruwan sama na farko mai ƙarfi da aka yi, muka wayi gari da tafki a ƙofar gida, daga bakin dogon yaro har kusa da katangar lakwal. Ashe abin da ya sa ba wanda ya yi gini a wurin ke nan. Kwaɗi suka karɓi aikin dare daga inda 'yan fada suka tsaya, sauro kuma ya sa muka ƙaro gidan sauro har da na falo. Yara kam ba su taɓa jin daɗin duniya irin na lokacin ba. Kullum sai an tsamo na tsakiyan da laka har wuya. Da aka koma makaranta a Oktoba ruwan bai gama janyewa ba, don haka lakwal ɗin da muke hango tutarta sai an zagaya, a hau gudron, a tsallaka, a sake tsallakowa. 'Yan fada ne suka ɗauki nauyin rakiya, wanda ke da kabu-kabu a cikinsu yakan ɗora ƙananan biyu in zai fita. A madadin haka aka naɗa ni uban fada, muƙamin da na gano daga baya cewa aikinsa sayen sukari ne.

Wajen Disamba na samo wani gida a kan tudu, ba inji, ba tafki, ba benci. Na zo da murna na gaya wa uwargida. Tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba.

"In tafi ina? Na shiga adashi, kwasata sai watan azumi. Mai niƙa ba ya sa ni layi. Ran da Auta ya yi zazzaɓi da dare kana Mirya, wa ya kai mu asibiti? Kuma a tudun naka, wa zai tashe ka in ruwa ya zo?"

Na ce ai a tudu ruwan ma ba ya zuwa. Ta ce, "To ka ji."

Kwanan baya da tsakar rana ina zaune a ƙofar gida, an ɗauke wuta, tafki ya bushe ƙurmus, benci ba kowa, mai niƙa na barci, sai ga babur ɗin dillali. A bayansa wani bawan Allah da 'yar jaka, daga gani sabon zuwa ne, an kawo shi ganin gidan da ke ɗaya gefen injin.

"Yauwa, ga bawana nan, ma'aikaci ne kamarka, da iyalinsa. Bawana, don Allah gaya masa, akwai unguwa mai shiru irin wannan a Damagaram?"

Mutumin ya zuba mini ido. Na gyara zama, na yi gyaran murya, na buɗe baki ke nan aka kawo kuran. Mai niƙa ya miƙe ya danna abinsa. Ƙasa ta ɗauki rawa, baƙon ya dafe jakarsa. Dillali ko gezau, ya matsa kusa da kunnensa ya ɗaga murya:

"Ka gani ko! Ga niƙa a ƙofar gida, madam ba sai ta yi nisa ba! Mu je ka ga famfo!"